Lissafin Wutar Lantarki a Ɗakin Uwargida

  

Yau ba girki za mu yi ba, ba kuma zancen zaman aure ba. Lissafi na zo miki da shi. Na san da jin haka wata har ta taɓe baki, ta ce ita tun a firamare suka raba gari da lissafi. To ki ɗan yi haƙuri 'yar'uwa. Matar da ke iya riƙe zubin adashin mutum ashirin a ka, ta san wadda ta ɗauka da wadda ta rage, ba za a ce wannan ɗan lissafin ya gagare ta ba. Sau ne kawai da rabawa. Kuma abin da ya sa na ɗauko shi, saura ƙiris ya ci mana rai a gidanmu.

Kwanakin baya na je suna Dawakin Tofa, gidan gwaggona. Daren da za a wayi gari suna, sai aka kawo wuta bayan an kwana biyu babu. Kin dai san yadda muke yi. Yara suka ɗauki ihu, mata kowa ta zabura. Wata ta jona dutsen guga za ta goge anko, wata ta tsoma hita a bokiti don ruwan wankan jaririya, wata ta jona rishon lantarki ta ɗora ruwan shayin baƙi. Duk ukun nan a jikin ekistenshan ɗaya, wato soket ɗin nan mai doguwar waya da bakuna huɗu, an jawo shi daga falo an bi da wayar ta ƙarƙashin ledar ɗaki don kada yara su yi tuntuɓe. Muna cikin hira sai Gwaggo ta ɗaga kai ta ce, "Ku tsaya, ƙaurin roba nake ji." Aka ɗaga leda, sai ga waya ta narke ta manne da ita, hayaƙi na fita a hankali. Tsakaninta da labulen gadon mai jego bai fi taku ɗaya ba, jaririya 'yar kwana shida tana kwance tana barci.

Da aka kashe komai hankali ya dawo, sai Gwaggo ta juyo kaina. Ta ce, "Ke 'yar nan, ke da kika yi jami'a, gaya mini me ya jawo wannan. Ai kullum da wayar nan muke guga." Na yi shiru. Ni aikin jarida na karanta, ban san komai a kan wuta ba in ban da kunnawa da kashewa. Wanda ya fitar da ni kunya jikanta ne, yaron da bai daɗe da gama makarantar sakandaren kimiyya ta garin ba. Wannan makaranta ta Dawakin Tofa tun 1977 aka buɗe ta tare da ta Dawakin Kudu, kuma Allah kaɗai ya san yawan likitoci da injiniyoyin da ta yaye. Abin ya tsaya mini a rai: a garin da ake koya wa yara wannan ilimi shekara da shekaru, mu iyayensu mata muna bayan katanga muna jona abin da zai ƙone mu. Yaron nan ya yage kwalin sukari, ya karɓi biro, ya yi mana lissafin a bayansa. Da na dawo Kano na kai wa wani dattijo mai gyaran wuta kwalin, ya duba ya ce yaro ya yi daidai. Shi ne nake so in ba ki yau.

Abu huɗu ne, kuma sai kin san su da sunayensu domin su ne a rubuce a jikin kayanki.

Ki ɗauki misalin tankin ruwa da aka ɗora a sama, an jona masa tiyo. Iya tsawon da aka ɗaga tankin, iya ƙarfin da ruwan zai tunkuɗo. Wannan tunkuɗar, a wutar lantarki, ita ake aunawa da bolt, kuma a jikin kaya za ki ga an rubuta harafin V. Wutar da ake kawo mana gida a Nijeriya bolt 230 ce in ta cika, shi ya sa za ki ga an rubuta 220 zuwa 240 a jikin yawancin kayanmu. Batirin mota ko na sola bolt 12 ne. Batirin tocila bolt ɗaya da rabi.

Na biyu shi ne yawan ruwan da ke wucewa ta cikin tiyon. A wuta ana auna wannan da amfiya, harafinsa A. Na uku ƙuncin tiyon kansa: siririn tiyo, ko dogo, ko wanda yaro ya taka, yana hana ruwa wucewa sosai. Kowane abu da wuta za ta ratsa yana yi mata irin wannan turjiya, wani kaɗan wani da yawa. Jan ƙarfe turjiyarsa kaɗan ce, shi ya sa ake yin waya da shi. Roba da busasshen itace turjiyarsu ta kai inda wuta ba ta iya wucewa, shi ya sa ake lulluɓe waya da roba. Ana auna turjiya da om. Na huɗu kuwa shi ne aikin da wutar ke yi, zafin dutsen guga, hasken ƙwai, juyawar fanka. Shi ake aunawa da wat, harafinsa W.

Sunayen nan duk na mutane ne. Bolt daga Volta, mutumin Italiya da ya ƙirƙiro batir a 1800. Amfiya daga Ampère, Bafaranshe. Wat daga James Watt na Sikotilan, mai injin tururi. Shi kuwa Georg Ohm Bajamushe ne, malamin makaranta, wanda a 1827 ya fitar da littafin da ya nuna yadda tunkuɗa da gudu da turjiya suke ɗaure da juna. Manyan masanan ƙasarsu ba su ɗauki maganarsa da muhimmanci ba da farko, sai a 1841 masanan Ingila suka ba shi lambar yabo. Ga shi yau sunansa na bakin kowane yaron mai gyaran rediyo.

To ga ƙa'idojin, guda biyu ne rak. Ta farko: bolt sau amfiya, shi ne wat. Ta biyu: ki raba bolt da amfiya, abin da ya fito shi ne om. Shi ke nan. Duk sauran abin da zan faɗa juya waɗannan biyun ne, kamar yadda in kin san kuɗin kwano da yawan kwanukan kin san kuɗin buhu, in kuma kin san kuɗin buhu da na kwano kin san kwano nawa ne a ciki.

Mu fara da ƙaramin abu. Ki ɗauko cajar wayarki ki duba ƙananan rubutun nan da ba ma karantawa. A yawancinsu za ki ga 5V da 2A. Biyar sau biyu, goma. Cajarki wat 10 take bayarwa. Kin ga har kin yi lissafin farko.

Yanzu dutsen guga. Ki kifa shi, akwai ɗan rubutu a ƙasan mariƙinsa ko a gindinsa. Namu na Dawakin Tofa an rubuta 1000W. Muna da wat, muna da bolt, amfiya muke nema, don haka sai mu raba 1,000 da 230. Ya ba mu 4.3, wato amfiya huɗu da 'yan kai. In kina son sanin turjiyar ƙarfen da ke zafi a cikinsa, sai ki raba 230 da 4.3, ki sami om 53. Hitar da aka tsoma a bokiti an rubuta mata 2000W. Raba 2,000 da 230, amfiya 8.7 ke nan, ninkin na dutsen guga, turjiyarta kuma om 26, rabin tasa. Ki lura da wannan, domin yana ruɗa mutane: abin da ya fi cin wuta shi ne mai ƙaramar turjiya, domin ƙofarsa a buɗe take wangame, wuta na kwarara. Ƙwan fitila na zamani mai wat 9 kuwa, abin da yake ja bai kai rabin kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba. Sai kin kunna irinsa sama da ɗari kafin su kamo dutsen guga ɗaya.

To mu koma ɗakin mai jego. Dutsen guga 1,000, hita 2,000, risho 1,500. In kin tara, wat 4,500. Raba da 230, sai ki ga amfiya 19.6, a ce ashirin. Shi kuwa filogin nan namu mai ƙafa uku, in kin duba jikinsa za ki ga an rubuta 13A. Iyakarsa ke nan. Goma sha uku sau 230 ya ba mu 2,990, wato duk abin da za ki jona a soket ɗaya kada jimillarsa ta wuce wat 3,000. Wannan ma in ekistenshan ɗin mai kyau ne, mai kaurin waya. Na arahar nan da ake yawo da su a baro, in kin feɗe robar za ki tarar da 'yan siraran zare kamar gashin masara, wasu ma ba jan ƙarfe ba ne, alminiyom ne aka shafa wa launi. Irin waɗannan ko hita ita kaɗai ta fi ƙarfinsu. Araha dai ba ta ado.

Gwaggo ta yi tambaya mai kyau da ta ce ai kullum da wayar ake guga. Me ya sa ba ta taɓa narkewa ba sai ranar? Nan ne yaron ya burge ni. Ya ce ita ma wayar tana da 'yar turjiyarta. Mu ƙaddara rabin om ce. Ƙa'ida ta biyu in an juya ta tana cewa amfiya sau om shi ne bolt. Ranar da ake guga kaɗai, amfiya 4 ke wucewa: huɗu sau rabi, bolt 2 ne ke maƙalewa a cikin wayar. Bolt 2 sau amfiya 4, wat 8 ne ke zama zafi a jikinta. Ɗan ɗumi ne, ba za ki ma ji ba. Amma ranar suna amfiya 20 ne. Ashirin sau rabi, bolt 10. Goma sau ashirin, wat 200. Kin gani? Kaya ya ninku sau biyar, zafi ya ninku sau ashirin da biyar. Ga shi kuma an danne ta da leda, zafin ba shi da hanyar fita. Haka abin yake ko'ina: in amfiya ta ninka biyu, zafin waya sau huɗu yake ninkawa.

Wannan dalilin ne kuma ya sa soket mai sako-sako yake baƙi. Duk inda mahaɗa ba ta kama da kyau ba, ko aka murɗa waya biyu da hannu aka naɗe da ledar burodi, turjiya ta ƙaru a wannan ɗan wurin, zafi kuma a nan zai taru. In kin taɓa filogi kin ji ya yi zafin da ba za ki iya riƙewa ba, ko kina jin ƙara 'yar siririya kamar ana suya, kada ki ce bari a gama biki. Ki kashe, a kira mai gyara.

Za ki ce ina fiyus? Ai don wannan ranar aka yi shi. Fiyus ɗan siririn ƙarfe ne da aka sa a cikin filogi da gangan domin ya tsinke in amfiya ta wuce ƙima, shi ya mutu gida ya tsira. Da aka buɗe filogin Gwaggo sai aka tarar an daɗe da cire shi. Ya taɓa ƙonewa, wani mai dabara ya naɗa waya a gurbinsa. Wallahi 'yan'uwa mu daina yarda da wannan dabarar, ko da maigida ne ya ce ya iya. Fiyus da ya tsinke magana yake yi miki, cewa yake kaya sun yi yawa. Kuɗinsa bai kai na katin waya ba.

Akwai wani abin da kusan duk wadda ke zaune a ƙauyukanmu ta sani, wato a kawo wuta amma ba ƙarfi. Ƙwai ya yi ja kamar garwashi, fanka na juyi kamar mai jin barci. Yawanci hakan na faruwa ne in gidaje sun yi wa taransifoma yawa, ko gidanku na can ƙarshen layi, bolt ya zube a hanya kamar yadda muka ga ya maƙale a wayar Gwaggo. A ce maimakon 230 sai 160 ya iso. Dutsen gugarki turjiyarsa na nan a om 53. Raba 160 da 53, amfiya 3. Sai 160 sau 3, wat 480. Wutar ba ta ragu da ko kashi ɗaya cikin uku ba, amma zafin dutsen ya faɗi ƙasa da rabi. Shi ya sa za ki yi ta dirzar shadda tana kallonki.

Dutsen guga da hita ba abin da zai same su a ƙaramar wuta, aiki ne kawai ba za su yi ba. Firji da firiza da injin jan ruwa su ne abin tausayi. Su inji ne a cikinsu mai juyawa, kuma in tunkuɗar ba ta isa ta tayar da shi ba, sai ya tsaya yana gurnani yana jan amfiya mai yawa, har wayoyin cikinsa su gasu. Ke mai sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, firizar nan ita ce jarinki. In kin ga wuta ta yi ƙasa, ko kin ji tana ƙoƙarin tashi tana kasawa, cire ta. In da hali ki saya mata sitabilaiza, ki kuma tabbatar ƙarfinsa ya ninka abin da aka rubuta a jikin firizar, domin a lokacin tashi takan ja ninkin ba ninkin abin da take ci in tana tafiya.

Akasin haka ma na faruwa. Wani lokaci in wata waya ta tsinke a layi, wutar da za ta shigo wasu gidaje takan haura har kusan bolt 400. Raba 400 da 53, amfiya 7.5; sau 400, wat 3,000 a dutsen da aka yi don 1,000. In kin ga ƙwai ya yi wani irin haske fari fat wanda ba ki saba gani ba, kada ki tsaya murna, ki ruga ki kashe babban makunnin gidan. Ina fata kin san inda yake. Da yawanmu ba mu sani ba, sai maigida.

Janareta kuwa ba sai na daɗe a kansa ba. Ƙaramin nan da ake zuba wa fetur haɗe da baƙin mai, ko da an rubuta 950 ɓaro-ɓaro a jikinsa, abin da yake iya ɗauka a kai a kai wajen wat 650 ne. Bai kai amfiya uku ba. Dutsen guga na neman huɗu da 'yan kai. Ba zai ɗauka ba, ko an lallaɓa shi. Ƙwai, fanka, talabijin da caji, iyakarsa ke nan. Kuma don Allah a waje ake ajiye shi, nesa da taga, domin hayaƙinsa na kashe mutane cikin barci.

Bari mu zo kan sola, domin nan ne kuɗin mata ke tafiya yanzu. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, janareta ya zama sai wane da wane, kuma in kin bi ta Dawanau ko Kwa ko Tumfafi za ki ga farantan sola a kan rufin shaguna da gidaje. Mata da yawa sun kwashi adashi sun saya, wata don cajin waya, wata don ɗinki da daddare, wata don yara su yi karatu. Abu ne mai kyau ƙwarai. Amma na ji koke-koke: an ce mata zai kwana, ƙarfe goma na dare ya mutu. Wani lokaci an cuce ta ne. Sau da yawa kuwa ba wanda ya zauna ya yi lissafi.

A jikin batir za ki ga an rubuta, misali, 12V da 100Ah. Wannan Ah ɗin amfiya ce sau awa. Goma sha biyu sau ɗari, 1,200. Ma'ana batirin in ya cika yana riƙe da abin da zai ba da wat 1,200 na awa ɗaya, ko wat 100 na awa goma sha biyu. Sai dai batir mai ruwa, da ɗan'uwansa mai nauyin nan da ba a buɗewa, ba a son a sha fiye da rabinsu, in ba haka ba ba za su yi ƙarko ba. Don haka 600 gare ki. Na litiyom ana iya shan mafi yawansa, amma kuɗinsa ya fi. Yanzu ki jera abin da za ki kunna. Ƙwai huɗu masu wat 9, wat 36 ke nan, na awa biyar, 180. Fanka mai wat 50 ta awa shida, 300. Talabijin mai wat 40 na awa uku, 120. Wayoyi biyu, kowace wat 10 na awa biyu, 40. Jimilla 640. Kin ga har kin ɗan haura, ba a ma sa abin da inbata ke ci ba, ita ma tana da nata kason, kamar ɗaya cikin goma. To ina ga wadda aka ce mata wannan batirin zai riƙe firiza? Firiza mai wat 100 in injinta ya yi aikin awa goma, 1,000 ta sha ita kaɗai.

Shi ma farantin, ki sa a juya miki bayansa kafin ki biya. Akwai takarda a manne. Ki nemi inda aka rubuta Vmp da Imp, su ne bolt da amfiyar da yake bayarwa in yana aiki sosai. In kin ga 18 da 5.5, ki buga a wayarki: 99. Farantin wat 100 ne, ko da mai shago ya rantse 300 ne. In kina shakkar takardar ma, mai haɗa sola na da 'yar na'urar awo, ya gwada a gabanki da tsakar rana. A ƙasarmu ana lissafa kamar awa biyar na rana mai ƙarfi a wuni, don haka farantin wat 200 zai tara 1,000 a takarda, a zahiri kuwa wajen 700, saboda zafi da ƙura da asarar hanya. Lokacin hunturu ki sa yara su riƙa goge shi da tsumma mai laushi da sassafe. Ƙurar da ta kwanta a kansa kuɗinki take ci.

Ga kuma wani abin da nake so ki riƙe da kyau. Dutsen gugar nan mai wat 1,000, a wutar gida amfiya 4.3 yake ja. In kin jona shi a inbata, batirin bolt 12 ne zai biya. Raba 1,000 da 12: amfiya 83. Kusan ninki ashirin. Shi ya sa wayar da ke tsakanin batir da inbata take da kauri kamar yatsa, kuma gajeriya. In mai haɗawa ya sa miki siririya don ya rage kuɗi, ki tuna lissafin ledar Gwaggo. Ƙarancin bolt ba ya hana gobara.

Masu mita mai kati, lissafin nan zai nuna miki inda kuɗinki ke zurarewa. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na awa ɗaya. Guga ta awa ɗaya, yunit ɗaya, ko ƙasa da haka kaɗan tunda dutsen na ɗaukewa yana dawowa. Hita mai 2,000, rabin awa ta cinye yunit. Tsohon ƙwan nan mai zafi mai wat 60 yana cinye yunit a awa goma sha bakwai, mai wat 9 kuwa sai ya yi awa ɗari da goma sha ɗaya. Har yanzu bakinmu ya saba da cewa NEPA, alhali tun 2005 aka sauya sunan, kuma tun 2013 kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa. Farashi ma ba ɗaya ba ne ga kowa. A watan Afrilun 2024 an kai yunit naira 225 ga 'yan rukunin A, waɗanda aka ware a kan za su sami wuta awa ashirin a rana, sauran rukunai kuwa nasu bai kai haka ba. Ki duba rasiɗinki, ki raba kuɗin da kika biya da yunit ɗin da aka ba ki, ki san naki farashin. Daga nan ba a ƙara faɗa da yara a kan sun bar ƙwai a kunne, alhali hita ce ɓarauniyar.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. Jikin ɗan Adam ma yana da turjiya. In fata a bushe take, turjiyarta dubbai ce masu yawa, shi ya sa wani lokaci wuta kan fizge ki kawai ki yi salati ki wuce. Amma in jiki a jiƙe yake, ƙafa ba takalmi a kan danshin siminti, tana iya saukowa zuwa wajen om 1,000. Raba 230 da 1,000, ya ba ki 0.23. Ƙaramin lamba ne a ido. Amma abin da bai kai 0.1 ba, in ya ratsa ta ƙirji, yana iya hargitsa bugun zuciya. Wato an ninka abin da zai yi kisa fiye da sau biyu. Wannan ita ce matsalar hitar bokiti. Mukan tsoma yatsa mu ji ko ruwa ya yi zafi tana jone. Mukan bar ta a tsakar gida, yaro mai rarrafe na yawo. Ki cire filogi daga bango tukuna kafin hannunki ya kusanci ruwan, kowane lokaci, ko da kina ganin an ɗauke wuta, domin ba a sallama in za a dawo da ita. A sa bokitin a inda yaro ba zai kai ba, a rufe ƙofa.

In kuma Allah ya kawo tsautsayi wuta ta kama wani, kada ki cafke shi da hannu, ku biyu za ta haɗa. Ki kashe makunni. In ya yi nisa, ki ture shi ko ki ture wayar da busasshiyar taɓarya ko muciya, kina tsaye a busasshen wuri da takalmin roba. A kai shi asibiti ko da ya ce ya warware. Gobarar da ta tashi daga waya kuwa ba a watsa mata ruwa sai an kashe wutar gidan. Yashi ake zubawa.

Gwaggo dai an yi suna lafiya, yarinya ta ci sunanta. Kafin in taho ta sa aka kira mai gyara ya ƙara soket biyu a bango, aka sayo fiyus, ekistenshan ɗin kuma ta ce a ba ta shi ta ajiye. Yanzu duk wadda ta shigo ta ce za ta jona abu, sai ta ɗauko narkakkiyar wayar ta nuna mata, sannan ta ce, "Juya gindinsa ki karanta mini, wat nawa ne?" Ita da ba ta yi boko ba.

Ke ma ga aikin gida. Yau da daddare ki kifa dutsen gugarki, ki duba bayan firji da fanka da talabijin, ki rubuta wat ɗin kowanne a takarda, ki tara waɗanda ke soket ɗaya, ki raba da 230. In 'yarki na makaranta, ki ba ta biron ita ta yi. Wadda lissafinta ya haura goma sha uku, ko ta ga wani rubutu da ya ɗaure mata kai, ta rubuto mana, za mu kai wa masu gyara mu kawo amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu.